Maharban da ke noma ma namun daji

Ƴan uwa masu karatu, kowa cikinmu ya san aya. A ƙasar Maradi ana nomanta da yawa, a cika buhu a kai kasuwa. Yara suna tauna ta, mata suna kunu da dakuwa da ita. To amma akwai wata ƙasa inda mutum zai gyara fili, ya sayi irin aya da kuɗinsa, ya shuka, ya zuba taki, in ta nuna kuma ba ya tona ko ƙwaya guda. Sai ya bar ta cikin ƙasa, tsuntsun daji ya zo ya tona ya ci. Wagga ƙasa ita ce Amurka, tsuntsun kuwa talotalon daji ne.

Ranar da na faɗi wanga zance cikin aji, wani dattijo, tsohon maharbi, ya aje alƙalaminsa ya ce: "Malam, wanga ai ɓarna ce. Mutum ya yi ma dabbar daji noma? Ita da daji duk nata ne?" Na ce mashi: "Baba, tambayarka tana bisa hanya. Bari mu duba abin da ya kai su ga haka, in mun gama sai ka yanke hukunci." Abin da muka tattauna ran nan, shi ne na rubuta nan.

Dabbobin nan biyu

Ta farko barewa ce, amma ba irin tamu ba. Can ana ce mata barewa mai farar wutsiya, don in ta tsorata sai ta ɗaga wutsiya, a ga fari fat, sauran su gane akwai haɗari su ruga. Ta fi tamu girma nesa. Babban namiji yana kai kilo 70 zuwa 100, wani ma ya wuce. Namiji ne ke da ƙaho, kuma ƙahon mai rassa ne kamar icce. Kowace shekara ƙahon nan yana faɗuwa cikin sanyi, wani sabo ya tsiro. Macen tana ɗaukar ciki wajen kwana 200, ta haihu cikin watan Mayu ko Yuni. In ta ƙoshi, sau da yawa tagwaye take haihuwa. In tana cikin yunwa, guda ɗaya, ko ma babu. Cimarta irin ta akuya ce: ganye, toho da ƴaƴan itatuwa. Ba ta cika son haki kamar saniya ba. Babba tana cin wajen kilo 3 a yini, wato ya ɗara tiya guda.

Na biyu shi ne talotalo. Wanda muke gani cikin gidaje, asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Mutanen ƙasar Meksiko ne suka fara kiwonsa tun da daɗewa, Turawan Sipaniya suka kai shi Turai shekaru wajen 500 da suka wuce, daga nan ya watsu cikin duniya. Ɗan uwansa na daji yana nan har yau. Shi ba shi da nauyin jiki irin na gida. Yana gudu, yana tashi sama, yana kwana bisa manyan itatuwa kamar zabin daji, kuma ido gare shi ƙwarai. Macen tana sheƙa a ƙasa cikin haki, ta yi ƙwai 10 zuwa 12, ta kwanta bisansu kwana 28.

Yadda suka kusa ƙarewa

Sa'adda Turawa suka fara zama can, shekaru wajen 400 da suka wuce, daji cike yake da waɗanga dabbobi. Mutanen ƙasar na asali suna farautarsu tun kaka da kakanni, ba su ƙare ba. Amma baƙi suka yi ta ƙaruwa. Aka sare kurmi don gonaki da katako. Aka samu maharban kasuwa, waɗanda ba don tukunyar gida suke harbi ba. Su kashe da yawa, su loda nama da fata cikin jirgin ƙasa a kai manyan birane. Babu lokacin hutu, babu iyaka. Mai ciki a harbe, mai kwanci a harbe.

Wajen shekara ta 1900, barewar da ta rage cikin ƙasar duka ba ta wuce dubu 500 ba. Talotalon daji kuwa ya ɓace ƙaf daga jahohi da yawa, sai ɗan abin da ya maƙale cikin lungunan duwatsu da fadamu masu wuyar shiga. Maharbi ya yini daji bai ga ko sawu ba. Nan ne ido ya buɗe.

Yadda aka maido su

Da doka aka fara. A 1900 aka yi dokar da ta hana ɗaukar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jaha zuwa wata. Wannan ya karya cinikin maharban kasuwa. Jahohi kuma suka sa lokacin farauta da iyakar abin da mutum zai kashe.

Sai maganar kuɗi, don doka ba ta tafiya da ƙafarta. A 1937 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu bisa wata doka: harajin da ake karɓa wajen saida bindiga da harsashi, a raba ma jahohi shi don aikin namun daji. Aka sa sharaɗi: jahar da ke son kuɗin, kar ta taɓa kuɗin takardar izinin farauta, wadda muke ce ma peremi, don wani aiki dabam. Maharba da kansu suka goyi bayan dokar. Harajin nan 11 ne cikin 100 na kuɗin bindigar farauta da harsashi.

Sai ilimi. Wani masanin daji mai suna Aldo Leopold ya fid da littafi a 1933 bisa kula da namun daji. Ya nuna abubuwa biyar da suka ɓata daji: gatari, garma, saniya, wuta da bindiga. Ya nuna kuma waɗanga biyar ɗin su ne za su gyara shi, in an yi aiki da su da hankali. Cikin shekarun nan ne kuma manoma da yawa suka bar gonakin da suka gaji suka tafi birane, daji ya sake rufe su.

Wajen talotalo an yi kuskure da fari. Aka yi ta kiwonsu cikin akurki ana sako su daji. Kuɗi suka tafi, tsuntsaye suka mutu, don wanda bai tashi bayan uwa ta daji ba bai san abokin gaba ba, bai san inda abinci yake ba. A farkon shekarun 1950, a jahar Karolina ta Kudu, aka fara kama na daji da wani babban taru da ake cilla shi da albarushi. A zuba masu tsaba, in sun taru a cilla tarun ya rufe su, a kai su dajin da babu, a sake su. Wagga dabara ita ta yi aiki. A 1973 an ƙiyasta talotalon daji miliyan 1 da dubu 300. A farkon shekarun 2000 sun kusa miliyan 7, ana samunsu cikin kowace jaha ban da Alaska. Barewa kuma, daga dubu 500 ta kai wajen miliyan 30.

Duwatsun murhu uku

Yawancin dajin gabashin Amurka na mutane ne, kowa da nashi fili. Amma doka ta ce dabbar daji ta jama'a ce duka. Mai fili ba ya iya cewa tashi ce don ta shigo wurinsa. In yana son ta zauna, sai ya gyara wurin har ya yi mata daɗi. Daga nan noman namun daji ya fito.

Dabba tana bukatar abu uku: abinci, ruwa da maɓoya. Kamar duwatsun murhu ne, in guda ya kauce tukunya ta kife. Don haka mai hankali ba ya farawa da sayen iri. Yana farawa da tambaya: cikin ukun nan, mi ya rasa a wurina?

Mu ɗauki misalin mutum mai daji hekta 40. Da fari yawo yake yi. Yana duba sawu, da kashi, da inda haki ya kwanta alamar makwanci, da itatuwan da ake ganin gashin talotalo ƙarƙashinsu. Yana ɗaura ma itatuwa ƴan na'urorin hoto masu ɗauka da kansu in abu ya gilma. Yana zana taswira. Yana kuma duba filayen maƙwabta. In duk kewaye gonakin masara ne da waken soya, to lokacin damina ba a rasa abinci ba, abin da aka rasa maɓoya ce, da abincin lokacin sanyi bayan an girbe. In kuwa duk kurmi ne mai duhu, abin da aka rasa rana ce, don inda rana ba ta kai ƙasa toho ba ya fita. Ruwa bai cika zama matsala a gabashin ƙasar ba, amma a wurare masu fari kamar yammacin Teksas sai an gina tabki ko an aje kwami.

Gonar kanta ba ta da girma. Malaman daji sukan ba da shawarar a noma kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na filin. Mai hekta 40 ke nan hekta 1 ko 2 sun ishe shi. Ba ya yin ta wuri guda, sai ya raba ta uku ko huɗu. Kowace a yi ta doguwa, siririya, mai lanƙwasa, kusa da duhuwa, don barewa ba ta son fita tsakiyar babban fili da rana. In ta ga tsalle biyu zai maida ta cikin icce, sai hankalinta ya kwanta. Ana nisanta gonar da hanyar mota saboda ɓarayin nama. Kuma dole wurin ya samu rana, ko da rabin yini ne.

Gwajin ƙasa

Kafin a sa garma, sai an gwada ƙasa. Mutum ya ɗebi ƙasa wurare da yawa cikin filin, zurfin taƙi guda bai cika ba, ya gauraya, ya aika ma malaman gona. Su za su faɗa mashi takin da ƙasar ta rasa, da yawan tsaminta. Akwai ma'aunin tsami da ke tashi daga 0 zuwa 14, lamba 7 ita ce tsakiya. Yawancin abin da ake shukawa yana son 6 zuwa 7. Ƙasar kurmi kuwa sau da yawa tana ƙasa da haka. In tsami ya yi yawa, ko an zuba angire saiwa ba ta iya shan shi duka, kuɗi sun tafi banza.

Maganin tsami shi ne garin farin dutse, irin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza. Ana watsa shi da yawa, wani lokaci tan biyu ko fiye ga hekta. Ba ya aiki nan take, sai ya yi watanni cikin ƙasa. Shi ya sa ake zuba shi tun shuka tana nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ake shukawa

Shekararsu ba irin tamu ba ce. Daga Afrilu zuwa Satumba lokacin ɗumi ne da ɗanyen ganye. Cikin Oktoba da Nuwamba ganye yana zuba. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai tsanani, a arewacin ƙasar har ƙanƙara ta rufe ƙasa. Yunwar dabba ta fi tsanani a ƙarshen sanyi, sai kuma ƙarshen zafi sa'adda ganye ya tsufa ya yi tauri. Gonar an yi ta ne don ta toshe waɗanga ramuka biyu, kamar yadda rumbu ke kai mu ga sabon hatsi. Don haka shuka biyu ake yi.

Ta farko daga Afrilu zuwa Yuni. Ana sa waken soya, masara, dawa, wasu irin hatsi, da wake. I, waken nan namu. Asalinsa daga Afirka yake, ya ƙetare teku zamanin cinikin bayi, ya zama abincin mutanen kudancin Amurka, yau kuma har barewa ake shuka ma shi. Dalili shi ne ganyensa yana gina jiki. Lokacin nan uwa tana shayarwa, ƙahon namiji yana tsirowa, duk suna bukatar abinci mai ƙarfi. Kamar yadda harawa ke tada rago, haka ganyen wake ke tada barewa.

Ta biyu daga Agusta zuwa Oktoba. Ana sa alkama da ƴan uwanta na ƙasar sanyi, da wasu tsirrai dangin shu masu ganye da saiwa mai kauri, waɗanda barewa ke ci cikin sanyi. Ana kuma sa wata ciyawa mai ganye uku-uku da suke kira kuloba. Ita dangin wake ce, tana ƙara ma ƙasa ƙarfi, kuma in ana yanke ta ana cire mata haki tana kai shekara uku zuwa biyar ba a sake shuka ba. Barewa tana cinta, talotalo yana cinta, ƙwari kuma suna taruwa cikinta.

Sai aya, wadda muka fara da ita. A jahohin kudu kamar Alabama, Jojiya da Karolina ta Kudu ake shuka ta, cikin jigawa, daga Mayu zuwa Yuli. Tana nuna cikin kwana 100 zuwa 120. In ganye ya bushe, mai gona yakan tona kunya ɗaya ko biyu ya bar ayar a fili, don talotalo ya ɗanɗana ya gane abin da ke ƙasa. In ya gane, shi ke nan, kullum yana nan yana tono har sanyi ya wuce. Ba a yin gonar aya ƙarama ƙwarai, ana son ta kusa rabin hekta, in ba haka ba su cinye ta da wuri. Babban abokin gabanta aladen daji ne. In suka shiga, cikin ƴan kwanaki sun birkice filin duka.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ta kamata mu lura da ita. Tsakiyar gona ana kafa ɗan keji na waya, faɗin mita guda, wanda dabba ba ta iya sa baki ciki. Bayan wata biyu a zo a duba. In ciki da waje duk sun yi tsawo, dabbobi ba su zuwa sosai. In ciki da waje duk sun tsumbure, laifin ƙasa ne ko na ruwa. In kuwa ciki ya kai gwiwa, waje an aske shi ƙwal, to baki ya fi abinci yawa: ko a ƙara gona, ko a rage barewa.

Gona kaɗai ba ta isa

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Su sayi iri mai tsada, su manta da sauran hekta 38. Alhali ko inda akwai gona, yawancin abin da dabba ke ci daga dajin kansa yake fitowa. Kuma gona ba ta ɓoye ƙwai, ba ta ɓoye jinjiri. Sai a koma ga kayan aikin da Leopold ya lissafa.

Gatari: inda itatuwa suka cunkushe, a rage su don rana ta sauka. Amma ba kowane ake sara ba. Akwai wani babban icce da suke kira ok, ƴaƴansa sun kusa girman aduwa, barewa da talotalo duk suna ƙiba da su kafin sanyi. Yakan yi shekara 20 ko fiye kafin ya fara ƴaƴa, don haka shi ake bari, a sare na kusa da shi. Bakin gona kuma ba a barin shi a yanke kamar bango. Ana barin haki, bayansa ƙananan itatuwa, sannan manya.

Wuta: a kudancin ƙasar ana ƙona daji da gangan kowace shekara biyu ko uku. Kar ku haɗa wannan da gobarar daji da ke cinye mana makiyaya. Su suna raba dajin kashi-kashi, su share hanya kewaye da kashin da za a ƙona, su nemi izini, su jira ranar da iska ta dace, mutane suna tsaye da ruwa da kayan aiki. Wutar tana bin ƙasa, tana cin busasshen ganye, ba ta kashe manyan itatuwa. Bayanta sabon toho ya fito. Kashin da ba a ƙona ba, can uwa za ta yi sheƙa.

Garma: wani wuri ba a shuka komi. A bi da tarakta a karce ƙasa kawai, irin da ke kwance cikinta tun da daɗewa ya tsiro da kansa.

Duk wanga aiki, ƴan tsakin talotalo ne suka fi cin moriyarsa. Mako biyu na farko ba su iya tashi sama, a ƙasa suke kwana ƙarƙashin uwa. Lokacin nan ba tsaba ce abincinsu ba, ƙwari ne: fara, tsutsa, gizo-gizo. Suna bukatar wuri mai tsirrai da suka kai gwiwar mutum, sama a rufe don shaho, ƙasa kuwa da sarari don ƙananan ƙafafu su wuce, uwa kuma tana iya miƙa wuya ta hangi nesa. In haki ya yi kauri kamar tabarma ba su iya ratsa shi. In fili ne tas, shaho da dila su gama da su. Fiye da rabinsu suna mutuwa cikin watan farko. Wanda ya taɓa kiwon ƴan zabi cikin damina ya san wagga wahala. Shi ya sa mai lura ba ya yankan haki daga Afrilu zuwa Yuni, don cikinsa akwai ƙwai, akwai kuma ɗan barewa kwance shiru yana jiran uwa.

Fako da doka

Maharbin can ba ya cika bin dabba da gudu. Fako yake yi, sau da yawa bisa wata kujera da ya ɗaure bisa icce, tsawon mita 5 ko 6. Tun wajen zana taswira ake zaɓen wurin, kuma iska ake dubawa. Hancin barewa ya fi idonta. In iska ta ɗauki warin mutum ta kai makwancinta, ba za ta fito ba sai dare. Don haka ana yin wurin fako biyu ko uku, kowane da iskar da ta dace da shi, da hanyar shiga wadda ba ta ratsa makwanci. Ana kuma ware wani yanki na dajin inda ba mai sa ƙafa, ko mai filin. In an matsa ma dabba, ko gonar ta kai mi kyau, sai ta ƙaura.

Ko cikin filinsa, mutum yana ƙarƙashin doka. Farautar barewa tana da watanninta, yawanci daga kaka zuwa cikin sanyi, sa'adda ɗiya suka girma. Babbar farautar talotalo kuwa wajen Afrilu da Mayu ce, kuma a lokacin namiji ake nema, mai gemu a ƙirji, don namiji guda yana isar mata da yawa, mata kuwa su ke kwanci. Kowane maharbi yana da adadin da ba ya wucewa, kuma a jahohi da yawa sai ya sanar da hukuma abin da ya kashe. Harbin barewa da dare da fitila laifi ne. Saida naman barewar da aka harbo daji laifi ne: ka ci, ka yi kyauta, ko ka ba masu raba ma mabukata.

Abu na ƙarshe, maƙwabta. Namijin barewa guda yana yawo cikin daji na hekta 200 ko fiye. Mai hekta 40 ke nan bai riƙe ko rabin yawonsa ba. In kai ka bar ƙaramin namiji ya girma, maƙwabcinka ya harbe shi gobe, aikinka ya tashi banza. Don haka masu filaye suke haɗa ƙungiya, su yi magana guda.

Inda gizo ke saƙa

Kar mu ɗauka komi ya tafi daidai. Daji yana da iyakar bakin da yake iya ɗauka, kamar yadda makiyaya take da iyaka. A 1906 aka hana farautar barewa a tudun Kaibab na jahar Arizona, aka kuma kashe namun da ke cinta. Barewar wurin ta yi yawa, ta cinye toho har iyakar inda bakinta ke kai, cikin shekarun 1920 yunwa ta kashe ta da yawa. Yau ma a wurare da yawa barewa ta wuce kima. Tana ɓarna cikin gonakin manoma, tana hana ƙananan itatuwa tashi, kuma kowace shekara motoci fiye da miliyan 1 suna karo da ita. Shi ya sa malaman daji suke ce ma maharba su harbi mata ma, ba maza masu ƙaho kaɗai ba.

Akwai kuma cuta. A 1967, a jahar Kolorado, aka fara ganin wata cuta da ke cin ƙwaƙwalwar barewa, ta rame har ta mutu. Ba ta da magani, tana bin miyau da fitsari da kashi, kuma ta watsu jahohi da yawa. Inda dabbobi suka haɗa baki wuri guda, nan ta fi yaɗuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa jahohi da yawa suka hana tara tsaba tsibi guda don jawo barewa, amma suka bar gonar da aka shuka.

Talotalo kuma, bayan ya kai ƙoli a farkon shekarun 2000, ya fara raguwa a jahohi da dama, musamman na kudu. Ƴan tsaki ba su rayuwa kamar da. Wasu jahohi sun rage adadin da ake harbi, sun kuma jinkirta buɗe farauta. Cikin maharban ma akwai masu cewa wanda ya zauna bakin gonar da ya shuka yana jira, bai yi farauta ta gaskiya ba. Kuma in an lissafa iri, taki da man tarakta, sau da yawa naman ya fi na mahauta tsada.

Hukuncin Baba

Da muka kai nan, dattijon ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, sa'adda nake saurayi barewa har bakin gonarmu take zuwa, zabi kuwa ƙwansu muke kwasa da ƙwarya. Mun ɗauka abin ba ya ƙarewa. Jikokina ba su taɓa ganin barewa da ido ba."

Na ce mashi: Baba, ba wanda zai ce mu shuka ma tsuntsu aya alhali rumbu bai cika ba. Kudu maso gabashin Amurka yana samun ruwa fiye da milimita 1000 a shekara, Maradi wajen rabin haka. Su suna da tarakta, mu muna da hauya. Amma ka lura, ba ayar ce ta maido da dabbobinsu ba. Sun fara ne da barin uwa lokacin haihuwa, da barin ƙwai cikin sheƙa, da barin maɓoya, da sa iyaka, da haɗa baki da maƙwabta. Waɗanga ba su bukatar kuɗi masu yawa. Mun ma ga irin haka a gida: raƙuman dawa na yankin Kure 49 suka rage a 1996, da aka kare su sun wuce 600 kafin 2020.

Ya ce zai kai maganar ƙwan zabi gaban maigari. Ku ma ku tattauna ta cikin ajinku.

Tambayoyi

1. Mi ya sa barewa da talotalon daji suka kusa ƙarewa a Amurka wajen 1900?
2. Waɗanne abubuwa uku dabbar daji ke bukata?
3. Mutum yana da daji hekta 60. In zai noma kashi 5 cikin 100, hekta nawa ke nan?
4. Mine ne amfanin kejin waya da ake kafawa tsakiyar gona?
5. Ku tambayi tsofaffin garinku namun dajin da suka sani da, waɗanda babu su yanzu. Ku rubuta sunayensu cikin kaye, ku kawo aji.